Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, Ubangidan Ganɗoki

1. Littafi da tambaya

Yara, yau za mu karanta tarihin wani sarki. Amma bari mu fara da wani littafi tukuna.

A shekarar 1934 aka fito da wani ɗan littafin hira mai suna *Ganɗoki*. Malam Muhammadu Bello Kagara ne ya rubuta shi. Yana cikin littattafan hira biyar na farko da aka buga da Hausar boko. Shekara da shekaru ana karanta shi a makarantu. Ku tambayi kakanninku, ba za ku rasa wanda ya san shi ba.

Ganɗoki barde ne wanda ba ya jin tsoron kowa. A cikin littafin, shi da kansa yake ba da labarinsa. Ya yi yaƙi a ƙarƙashin Sarkin Kwantagora. Ya kara da sojojin Turawa. Da Turawa suka ci ƙasa, sai ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare. Daga nan labari ya shiga ƙasashen aljanu da abubuwan al'ajabi. A ƙarshe ya komo gida, ya tarar zamani ya sake.

Yaron da ya karanta littafin yakan yi tambaya, ko an taɓa yin Ganɗoki a duniya. Yaƙe-yaƙensa da aljanu dai ƙagen marubuci ne. Amma sarkin da ya yi wa barantaka, an yi shi. Garin da ya tsare yana nan har yau. Yaƙin da aka yi da Turawa kuma yana rubuce a tarihi. Sunan sarkin Ibrahim Nagwamatse. Idan muka san rayuwarsa, za mu gane inda Ganɗoki ya samo asali.

2. Gidan da ya fito

Ibrahim ɗan babban gida ne. Mahaifinsa shi ne Umaru Nagwamatse. Umaru ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne. Atiku kuwa ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Ke nan Ibrahim tattaɓa-kunnen Shehu ne.

Gwamatse sunan wani gari ne a ƙasar Sakkwato. An taɓa ba Umaru riƙon garin, shi ya sa ake ce masa Nagwamatse. 'Ya'yansa ma suka gaji sunan. Umaru mutum ne mai son yaƙi, ba ya iya zama wuri ɗaya. Bai daɗe yana shiri da manyan Sakkwato ba. Saboda haka ya tattara mutanensa ya yi kudu, wajen ƙasar Nufe da ƙasar Gwari, yana neman inda zai kafa mulkin kansa.

A shekarar 1859 ɗan'uwansa Ahmadu ɗan Atiku ya zama Sarkin Musulmi. Shi ne ya ba Umaru sarautar Sarkin Sudan. Ku lura, wannan Sudan ba ƙasar Sudan ta yanzu ba ce, wadda babban birninta Khartum. Kalmar Larabci ce, ma'anarta ƙasar baƙaƙen mutane.

A shekarar 1864 Umaru ya kafa garin Kwantagora. Ana cewa sunan ya fito daga kwanta gora. Wato a nan ya umarci mutanensa su ajiye gorunan ruwansu, tafiya ta ƙare. Yau garin yana cikin Jihar Neja ta Najeriya. Kada ku haɗa wannan jiha da Jamhuriyar Nijar. Kogin Kwara ne ya ba su suna su biyu, amma kowace dabam take.

Ibrahim ya tashi a cikin sansanin yaƙi. Tun yana ƙarami yake jin kukan dawaki da ƙarar tambura. Ya ga yadda ake ɗaura wa doki lifidi. Ya ga barade suna sa sulke da kwalkwali. Ya ga yadda ake raba ganima idan an komo daga hari. Abin da yaro ya buɗe ido ya gani, shi yakan ɗauka sana'a.

Umaru ya rasu a 1876. Ɗansa Modibbo ya gaje shi, ya yi shekara huɗu. A 1880 Ibrahim ya hau gadon sarauta.

3. Mai Sudan

Mutane suka riƙa kiran sabon sarki Mai Sudan. Ba a daɗe ba sunansa ya kai ko'ina. Jarumi ne, ya iya shirya mayaƙa, kuma yana da kyauta ga waɗanda suka bi shi. Saboda haka samari masu neman doki da suna suka yi ta zuwa Kwantagora daga ƙasashe dabam-dabam. Duk wanda ya nuna bajinta a fagen fama, ya sami riga da doki da matsayi.

To, amma da wa ake yaƙin? Kewaye da Kwantagora akwai al'ummomi da yawa. Akwai Kambari da Dakarkari da Dukawa da Kamuku da Gwari. Yawancinsu manoma ne. Da rani, idan hanya ta bushe, mahaya sukan fita. Sukan faɗa wa ƙauye da asuba, su kwashe hatsi da dabbobi, su kama mutane. Waɗanda aka kama sukan zama bayi. Wasu a sa su noma a rinji. Wasu a kai su kasuwa. Wasu a ba da su a karɓi dawaki, don a sake fita wani harin.

Wannan ya sa ƙauyuka da yawa suka watse. Mutane suka bar gonakinsu masu kyau, suka hau duwatsu, suka shiga ƙungurmin daji. Uwa ta rabu da ɗanta. Wa ya rabu da ƙanensa. Ƙasa mai albarka ta zama kufai. Har malaman wancan zamani sun san shari'a ta hana bautar da ɗa Musulmi, amma idan hari ya tashi, ba kullum ake tsayawa a tambaya ba.

Ba Ibrahim kaɗai yake wannan ba. A lokacin, sarakuna da yawa a Afirka ta Yamma suna kamun bayi. Turawa ma sun yi shekaru ɗaruruwa suna sayen mutane a bakin teku, suna kai su Amurka. Amma a yankinsa, sunan Mai Sudan ne ya fi ba manoma tsoro. Ana ba da labari cewa an taɓa neman ya bar kamun bayi, sai ya kwatanta kansa da kyanwa wadda ba a raba ta da kamun ɓera.

Ke nan mutum ɗaya, suna biyu. A fada, shi uban barade ne. A ƙauye, shi ne wanda ake gudu.

4. Yaƙin Kumasi da faɗuwar Kwantagora

Ranar 1 ga Janairu 1900, wani Baturen Ingila mai suna Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya kafa tuta a Lakwaja. Ya yi shela cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila. Sarakuna ba su yarda ba, ba a ma shawarce su ba. Turawa suka ajiye sojoji a Wushishi, kusa da kogin Kaduna. Wushishi kuwa gari ne na gidan Nagwamatse. Ibrahim da maƙwabcinsa Sarkin Bida Abubakar suka ga an shigo musu gida.

Lugga ya so ya far musu a shekarar, amma wani abu ya tsare shi. Abin ya faru ne can nesa, a ƙasar da yau ake kira Gana. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ƙasa. Fatake sukan tashi daga Kano da jakuna, su ƙetare Kwara, su je Gwanja sayen goro. Inda ayari ya sauka, nan ake kira zango. Daga wannan kalma unguwannin zango na Kumasi da na birnin Ankara, irin su Nima da Mamobi, suka sami sunansu.

A 1900 Gwamnan Ingila na can ya nemi mutanen Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, su ba shi kujerarsu ta zinariya. Wannan kujera ita ce alamar al'ummarsu. Wata sarauniya mai suna Yaa Asantewaa ta ja su suka tashi. Suka tsare Gwamna a cikin ganuwar Turawa ta Kumasi. Dole Ingila ta nemi taimako. Aka kwashe sojoji fiye da dubu daga wajen Lugga aka kai su can. Da yawa daga cikin waɗannan sojoji Hausa suke ji. Wasunsu ma bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu suka shiga soja.

Kun ga yadda yaƙin wata mata a Kumasi ya ba Kwantagora jinkirin kusan shekara guda. A wannan tsakani, mahayan Ibrahim da na Bida suka matsa wa Wushishi lamba.

Da aka gama yaƙin Asante, sojoji suka komo. A watan Janairu 1901 Kanar Kembal ya ja su zuwa Kwantagora. Su 'yan ɗaruruwa ne, mayaƙan Ibrahim kuwa dubbai. Amma makaman ba ɗaya ba ne. Barade suna da takobi da mashi, dakaru suna da kwari da baka da 'yan bindigogi na dā. Sojojin Turawa kuwa suna da igwa da bindiga mai ruwa, wadda ke zuba harsashi ba tsayawa. Doki bai isa ya kai gare su ba. Lifidin da ke tsare kibiya ba ya tsare harsashi. Rundunar Kwantagora ta watse, gari ya faɗi. A watan Fabrairu Bida ma ta faɗi.

5. Gudu

Ibrahim bai yarda ya miƙa wuya ba. Ya fita da iyalinsa da fadawansa da malamansa da bayinsa. Jama'a mai yawa ta bi shi. Suka nufi arewa maso gabas, suka shiga ƙasar Zazzau.

A cikin wannan taro akwai wani malami mai suna Shehu Usman, alƙalin garin Kagara. Kagara a lokacin tana ƙarƙashin Kwantagora. Malamin yana tafe da iyalinsa. A cikinsu akwai wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka, don wajen 1890 aka haife shi. Sunan yaron Bello. Ku riƙe wannan suna, za mu komo kansa.

Ku yi tunanin irin wannan tafiya. Babu mota, babu jirgi. Mata da kaya a ka, yara a ƙasa, tsofaffi a kan jakuna. Barade suna gaba suna baya, suna tsaron jama'a. Inda dare ya yi, nan za a kwana. Ga yaro kamar Bello, mahayin da ke tsare shi daga abokan gaba ya fi kowa girma a duniya.

Sai dai dubban mutane ba su rayuwa da iska. Dole su ci abinci, dawaki ma dole su ci. Ina za a samo? A rumbunan mutanen da aka sauka a ƙasarsu. Mahayan Mai Sudan suka shiga kai hari a ƙauyukan Zazzau da na kan iyakar Kano da Katsina. Sarkin Zazzau Kwasau ya rasa yadda zai yi da su. Daga ƙarshe ya nemi taimakon Turawa.

A farkon 1902 wani Bature, Kyaftin Abadi, wanda ake kira Mai Jimina, ya zo da sojojin doki. Suka kama Ibrahim. Aka kai shi Lakwaja, aka yanke masa hukuncin zama a Yola, nesa da ƙasarsa. Turawa kuwa da suka shiga Zariya ba su fita ba. Ba da daɗewa ba suka tuɓe Kwasau, shi da ya kira su. Wanda ya kira kura ta kore masa kare, sai ya yi hattara da awakinsa.

6. Abin da Baba ta gani

Bello ya ga barade daga cikin sansani. Akwai kuma wadda ta gan su daga cikin ƙauye. Sunanta Baba, mutuniyar Karo, wani ƙauye tsakanin Kano da Zariya. An haife ta wajen 1877, ta rasu a 1951.

Da Baba ta tsufa, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa. Baturiyar ta rubuta, ta juya shi da Turanci, aka buga littafin a 1954. A ciki Baba ta ambaci Mai Sudan. Ta faɗi yadda mahara suke zuwa, mutane su bar gona su ruga cikin gari mai ganuwa. Ta faɗi yadda aka kama wasu daga cikin danginta. 'Yan'uwa suka yi ta bin sawu, suna tara kuɗin wuri masu yawa, don su fanso su.

Wanda yake da dangi masu hali, an fanshe shi ya komo. Wanda ba shi da kowa, ya tafi ke nan. Dangin Baba su ma suna da bayi a rinjinsu. Haka zamanin yake: wanda ya mallaki wani yau, gobe ana iya mallakarsa.

Bello da Baba ba su yi ƙarya ba, su duka biyu. Mahayi ɗaya suka gani. Shi ya gan shi yana tsaronsa, ita ta gan shi yana korarta. Mai son ya san tarihi, sai ya saurari kowannensu.

7. Komawa gida

Yayin da Ibrahim yake tsare, ƙasa ta ci gaba da faɗuwa. A watan Fabrairu 1903 Turawa suka ci Kano. A watan Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, da niyyar hijira zuwa Makka. Dubban mutane suka bar gidajensu suka bi shi. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi yaƙi a Burmi, aka kashe shi tare da mutane da yawa. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya. Jikokinsu suna nan a ƙasar Sudan, a wani gari mai suna Mai Wurno. Tafiyar Ganɗoki zuwa gabas ta yi kama da wannan tafiya.

Kwantagora kuwa ta zauna babu sarkinta. Tun a 1901 Lugga ya rubuta wa Sarkin Musulmi Abdurrahman takarda, ya nemi ya zaɓi wani sarki. Sarkin Musulmi bai amsa ba. Turawa ba su da yawa, ba za su iya riƙe ƙasa su kaɗai ba. Dabararsu ita ce su yi mulki ta hannun sarakuna. Ibrahim kuwa jinin Shehu ne, mutanensa suna jin maganarsa. Saboda haka a 1903 suka maido shi kan gadonsa.

Amma sarautar ba irin ta dā ba ce. An rage masa ƙasa. Babu fita yaƙi, babu hari. An rufe kasuwar bayi. Doka ta ce duk yaron da aka haifa daga ranar 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. Bayi da yawa suka kama hanya suka koma garuruwansu. Bauta ba ta mutu rana ɗaya ba, sai a 1936 aka soke ta gaba ɗaya a Arewa. Su ma Turawan ba don Allah kaɗai suka zo ba. Sun ɗora haraji, sun sa mutane aikin tilas, sun riƙe ƙasar har 1960.

Ibrahim ya yi shekara ashirin da ɗaya yana sarauta da takobi. Ya ƙara shekara ashirin da shida yana sarauta ƙarƙashin Razdan. Baradensa suka tsufa. Wasu suka zama dogarai, wasu hakimai, wasu manoma. Abin da ya rage musu na yaƙi sai tabo a jiki da labari a baki. Ibrahim ya rasu a 1929. Ɗansa Umaru Maidubu ya gaje shi. Har yau Sarkin Kwantagora ana kiransa Sarkin Sudan.

8. Yaro ya zama malami

Yanzu mu koma kan Bello. Bayan ƙura ta lafa, mahaifinsa ya koma Kagara. Bello ya yi karatun Alƙur'ani da littattafan addini a gida. Daga baya ya tafi Kano, ya shiga makarantar Nasarawa. Wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, shi ya buɗe ta a 1909. Bello ya koyi boko da lissafi a can.

Ya fara koyarwa a Zariya. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, ya koma can yana koyar da Larabci da addini. A wannan kwaleji Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Ƙanensa ma, wanda aka haifa a Kagara a 1911, a can ya yi karatu. Ƙanen nan shi ne Abubakar Imam.

A 1933 wani Bature, Dokta Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya ga yara sun iya karatu amma ba su da littattafan hira. Ya zaga wajen malamai, ya roƙe su su ƙago labarai, aka sa gasa. Littattafai biyar aka zaɓa aka buga. Su ne *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida da East. Kun ga biyu daga cikin biyar, wa da ƙane ne suka rubuta su.

Malam Bello ya zama Alƙalin Katsina, daga baya ya zama Wali. Ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya rasu a 1971.

9. Daga ina Ganɗoki ya fito?

Littafin ya fito shekara biyar bayan rasuwar Ibrahim. A lokacin, waɗanda suka yi yaƙin 1901 da yawa suna da rai. Marubucin kuma yana cikin masu gudun. Shi ya sa kashin farko na littafin yake cike da sunayen garuruwa da sarakuna na gaskiya.

Muna iya hango wurare uku da Ganɗoki ya fito. Na farko, baraden Sarkin Sudan da Bello ya gani da idonsa yana yaro. Mai yiwuwa ne ya ɗauki ƙarfin wannan, da zuciyar wancan, da bakin wani, ya haɗa su a jikin mutum ɗaya. Na biyu, hirar tsofaffin mayaƙa. Tsohon barde idan yana ba da labari yakan yi kirari, yakan kuma ƙara gishiri. Haka Ganɗoki yake magana. Na uku, tatsuniyoyi da littattafan Larabci, irin su *Dare Dubu da Ɗaya*, inda ake samun aljanu da birane na al'ajabi. Malamin Larabci ba zai rasa sanin su ba.

Wataƙila kuma akwai wani abu na sarkin kansa a jikin Ganɗoki. Dukansu sun yi yaƙi da Turawa. Dukansu sun bar gida. Dukansu sun komo sun tarar da sabon zamani, suka zauna a cikinsa. Ko sunan ma yana da ma'ana. Ya yi kama da ɗoki, wato zaƙuwa da rashin haƙurin jira. Wannan hali ne na matashin barde da ya ji tambari.

A duniyar gaskiya, takobi ya kasa bindiga mai ruwa. A cikin littafi, Malam Bello ya kai jaruminsa wata ƙasa inda takobi yake da amfani har yanzu. Ya ba yara jarumi nasu, mai jin Hausa, a lokacin da ƙasarsu take hannun baƙi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Amma littafin hira yakan zaɓi abin da zai faɗa. Ya nuna mana mahayi, bai tsaya a kan wanda aka ɗaure a bayan doki ba. A ajinku, wataƙila akwai jikan barde, akwai kuma jikan wanda barde ya kora. A Kwantagora haka ne, a Maraɗi haka ne, a zangon Nima ma haka ne. Yau kuna zaune a kan benci ɗaya, kuna karatu a littafi ɗaya. Ku karanta *Ganɗoki* ku ji daɗinsa. Ku koyi ƙarfin zuciya daga gare shi. Sa'an nan ku tuna da Baba da mutanen ƙauye, ku san cewa ba a sayar da ɗan Adam.

Ma'anar kalmomi

Barde: mayaƙi a kan doki. Jam'insa barade.
Barantaka: yi wa babban mutum hidima don ya riƙe ka.
Lifidi: rigar auduga mai kauri da ake sa wa doki da mahayi don tsare kibiya.
Ganima: dukiyar da aka kwaso a wurin yaƙi.
Rinji: ƙauyen da bayi suke zaune suna noma wa ubangijinsu.
Kufai: wurin da mutane suka tashi suka bari.
Igwa: babbar bindiga mai rusa ganuwa.
Fansa: biyan dukiya don a saki wanda aka kama.
Razdan: Baturen da yake shugabancin lardi a zamanin mulkin Ingila.

Tambayoyi

1. Wa ya rubuta *Ganɗoki*, kuma a wace shekara littafin ya fito?
2. Mene ne dangantakar Ibrahim da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo?
3. Me ya sa manoma suke tsoron Mai Sudan?
4. Ta yaya yaƙin Kumasi ya shafi Kwantagora?
5. Me ya sa barade suka kasa cin sojojin Turawa, alhali sun fi su yawa?
6. Me Bello ya gani, me kuma Baba ta gani?
7. Ku faɗi wurare uku da Ganɗoki ya fito.

Aiki

1. Ku jera waɗannan shekaru, ku rubuta abin da ya faru a kowace: 1864, 1880, 1901, 1903, 1929, 1934.
2. Ku nemo Kwantagora da Zariya da Kumasi da Ankara a taswira.
3. Ku rubuta sunan doki da takobi da sarki da littafi da Faransanci.
4. Ku tambayi wani tsoho a gidanku daga ina kakanninku suka zo. Ku rubuta abin da ya faɗa cikin layi goma, ku karanta wa 'yan ajinku.